Idan damuwar duniya ta yi maka yawa: yadda ake tsaya wa mai rauni a Maraɗi

Kafin ka gama lazimin asuba waya ta riga ta kawo maka Gaza, ta kawo maka Sudan inda ake gwabza yaƙi tun watan Afrilun 2023, ta haɗa maka da saƙon murya daga wani ƙauye na yankin Madarunfa cewa ƴan bindiga sun sake shiga cikin dare. Ka leƙa kasuwa ka taya tiyar hatsi, ka dawo jiki a sanyaye. A nan yawancinmu muke tsayawa: a ce "Allah ya kyauta", a tura bidiyon zuwa wani zauren WhatsApp, a kwana da ƙunci. Wasu kuma zafin abin ya kwashe su, su kafa ƙungiya mai dogon suna da shugaba da mataimaka uku, a buga riguna, a ɗauki hoto, kafin damina ta zagayo ba a ƙara jin ɗuriyarta.

Jagorar nan ta wanda imaninsa ya hana shi yin shiru ce, amma ba shi da kuɗin Alhazai, ba shi da kujera. Abin da za ta nuna shi ne yadda ake kama zalunci guda ɗaya, wanda ƙafarka za ta iya kai ka wurinsa, a bi shi har ƙofar mai ikon gyara shi. Ni Musulmi ne, da hujjojin da na sani zan yi magana, amma maƙwabcinmu Kirista da ke karanta umarnin annabi Mika na yin adalci da ƙaunar jinƙai zai tarar hanyar ba ta bambanta ba.

Da farko, raba damuwar gida uku

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke hana ka barci, kada ka tace komai. Sai ka raba. Gidan farko na abin da ba ka da iko a kai sai addu'a. Na biyu na abin da aljihunka zai iya taɓawa, kamar gudunmawar da ake tarawa a masallaci, ko maƙwabcin da ruwa ya kayar wa ɗaki. Na uku na abin da bakinka da ƙafarka za su iya motsawa.

Gaza da Sudan suna gidan farko, wani lokaci na biyu idan ka sami hannun da ka amince da shi. Ba raina su aka yi ba. Addu'a aiki ce, ka ware mata lokacinta, ka ambaci mutanen a sujada. Amma kallon bidiyon gawa ana maimaitawa ba addu'a ba ne, kuma bai taɓa ciyar da kowa ba. Ƙarshen Baƙara ya ce Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito kan gusar da mummunan aiki da hannu, ko da harshe, ko da zuciya, shi kansa bisa iyawa ya jera su.

Sai ka yi wa wayar linzami. Ka tsayar da lokacin jin labarai, safe da yamma sun isa. Ka hana bidiyo sauka da kansa, ka fice daga zaurukan da ba a komai sai tura tashin hankali. Ƙarfin da ka tara, gida na uku za ka kai shi.

Zaɓi ɗaya, ɗaya tak

Duk abin da ke gida na uku ka yi masa tambaya uku. Na san fuskar wanda abin ke ci? Akwai ofishi ko fada ko kwamitin da alhakin gyaran ke wuyansa? Nan da wata shida zan iya gane ko an gyara ko ba a gyara ba? "Talauci" ba zai haye waɗannan tambayoyin ba, "lalacewar tarbiyya" ma haka. Amma ga irin waɗanda ke hayewa a garinmu: yaran unguwa da ba su da takardar haihuwa, uwar da aka karɓi kuɗi a hannunta kan maganin jariri, marayun da kawu ya danne wa gona, burtalin da aka nome har dabba ba ta da hanya, gidajen da ambaliyar daminar 2024 ta rusa amma sunansu bai shiga jerin masu karɓar agaji ba, saurayin da aka tsare kwana da kwanaki ba wanda ya san laifinsa.

Mu Maraɗawa ba a bar mu a baya ba wajen sadaka, duk wanda ya ga ƙofar gidajen ƴan kasuwa cikin azumi ya san haka. Sai dai sadaka tana ƙarewa ran da buhu ya ƙare. Suratul Ma'un ta zargi wanda ba ya kwaɗaitar da a ciyar da miskini, ke nan bayan abin da hannunka ya miƙa akwai sauran aiki a kan bakinka. Idan ka biya wa yaro magani ka taimaki gida ɗaya. Idan ka sa aka daina karɓar kuɗin da doka ta ce kada a karɓa, ka taimaki matan da ba za ka taɓa sanin sunansu ba.

Ga wanda bai taɓa irin wannan aiki ba, shawarata ya fara da takardar haihuwa. Ba ta da abokin gaba sosai, dokarta a fili take, kuma ana ƙirga nasararta da hannu. Da ita zan yi ta misali.

Saurara, sannan ka rubuta

Sayi littafin rubutu na ƴan lakkwal, ka ja layuka: sunan mai gida, sunan yaro, shekarar haihuwa ko abin da aka tuna ya faru a shekarar, inda aka haife shi, ko an taɓa neman takardar, me ya hana. Layin ƙarshen nan shi ne zuciyar aikin. Za ka ji wata ta ce a gida ta haihu, ba wanda ya gaya mata ana zuwa ko'ina. Wani ya ce an ba shi ƴar takarda a likita ya ɗauka ita ke nan, bai san sai an koma an karɓo ta ainihi ba. Wani ya ce ruwa ya cinye ta tare da akwati. Malamin makarantar allo ya ce iyayen almajiransa suna wani ƙauye bayan Dakoro ko Mayahi, rabonsa da su tun kaka. Kowace amsa da maganinta daban, kuma wanda bai tambaya ba zai je ofishi da kukan da ba shi ne ba.

Namiji ba zai ji labarin cikin gida daidai ba, komai kirkinsa. A nemi mace ta shiga, kuma hanya mafi sauƙi ita ce islamiyyar matan aure ko taron asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991, ya bazu har wasu ƙasashe. Mata suna haɗuwa duk mako, sun saba ƙirga kuɗi da riƙe amana, sun san gidan da aka yi haihuwa tun kafin mai unguwa ya ji.

Ƙa'ida biyu kada a karya su. Ba a rubuta sunan mutum sai da yardarsa, bayan an gaya masa inda sunan zai je. Kuma ba a ɗaukar hoton mai rauni don a nuna wa duniya, talauci ba ya cire mutunci. Idan batun ya shafi zargin wani, ayar Hujurati da ta ce a yi bincike kan labari kada a cuci mutane cikin jahilci ita ce ma'auni: abin da mutum ɗaya ya faɗa labari ne, sai ka ji daga bakin da bai haɗu da na farko ba, sannan ka ji ta bakin wanda ake zargi.

Mutum biyar zuwa bakwai

Kada ka kira taron gangami. Nemi ƴan kaɗan da kowa ke cike wani giɓi: dattijon da ake jin kunyarsa, malamin lakkwal ko tsohon ma'aikaci da ya iya rubuta wasiƙa da Faransanci, mace ɗaya ko biyu masu shiga gidaje, saurayin fada mai babur da ba ya ƙyashin aike, da wani daga cikin waɗanda abin ya shafa. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, alhali shi ne zai ce muku "ba haka muke so ba" kafin ku yi nisa.

Kada ka tace mutane da aƙida. Ɗan ɗariƙa, ɗan Izala, Kirista, duk wanda ya yarda a ƙwato wa yaron nan haƙƙinsa, a zauna da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci yarjejeniyar Hilful Fudul a Makka tun kafin aiko shi, inda aka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, kuma bayan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irinta da ya amsa. A nan kusa, asibitin Danja na mishan ya shafe shekaru yana jinyar masu cutar kuturta da mata masu yoyon fitsari, kuma mafi yawan masu kwanciya a can Musulmi ne.

Maganar kuɗi ita ke kashe irin wannan tafiya, don haka a sauƙaƙa ta. Kowa ya riƙa zuba abin da ba zai ji ba, ko dala ashirin ce a mako, don mai da buga takardu. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban, a karanta lissafi da ƙarfi a kowane zama. Zakka tana da gidajenta takwas da Suratut Tauba ta lissafa, ba a zuba ta a tankin babur. Kuma muddin ba ku yi rajista ba, kada ku kira kanku ƙungiya ko ku fita neman tallafi da suna. Ku tsaya a matsayin maƙwabta, ƙarƙashin inuwar kwamitin masallaci ko na coci, da sanin mai unguwa.

San abin da doka ta riga ta ba talaka

Abin mamaki, yawancin abin da za ku roƙa an riga an rubuta shi, aiwatarwa ce ta gagara. Dokar 2019 kan rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa, kuma kyauta ne. Idan wa'adin ya wuce sai da hukuncin alƙali da shaidu, amma akan shirya zaman da alƙali ke fitowa ƙauye ko unguwa ya yi wa yara da yawa a lokaci ɗaya. Wannan zaman shi ne abin da littafinku zai nema. Yaron da ba shi da takardar nan zai yi ta karatu lafiya, sai ya zo rubuta jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji ko neman katin ɗan ƙasa a ce ina shaida.

Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocinta, haka ma tiyatar fidda jariri. A nan sai an yi hattara. Sau da yawa kuɗin da gwamnati za ta mayar wa likitar ne ke makara, magani ya yanke, majo ya rubuta a je a saya a waje. Wannan daban, karɓar kuɗi ba rasit daban. Idan kuka haɗa su kuka kira kowa ɓarawo, kun rasa wanda ya fi kowa sanin inda matsalar take. Kowace likita tana da kwamitin jama'a mai sa ido kan kuɗinta, da shi ake farawa.

Kan gona da kiwo, tun 1993 ƙasar nan take da kundin dokokin karkara, da kwamitocin filaye da ake kira COFO daga ƙauye zuwa gunduma. Su ke ba da takardar gado, saye, kyauta, aro ko jingina, su ke shata burtali. Wanda ya san abin da ya faru a Toda, yankin Gidan Rumji, a watan Oktoban 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci mutum fiye da 100, galibi mata da yara, ba zai raina takardar iyakar gona ba. Idan kuma batun tsarewa ne ko shari'a, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don bai wa marasa hali shawarar shari'a kyauta, a tambayi ofishinta a babbar kotu.

Ƙofofi, daga ta kusa

Kuskuren masu zafin kai shi ne tsallake ƙaramar ƙofa. Wanda ka tsallake yau, gobe shi za a tura wa takardarka, kuma zai tuna. Ku fara da mai unguwa ko mai gari. Ku je ku uku, dattijon ya yi gaba, a cire takalmi, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, kada a yanke ta. Sannan dattijon ya ce wani abu kamar haka: "Ranka ya daɗe, gaisuwa muka kawo, muka haɗo da kuka. Ƴaƴanka ne a unguwar nan ba su da takardar haihuwa, ga sunayensu mun rubuto. Mun ce ba za mu je ko'ina ba sai uban ƙasa ya sa mana albarka, ya nuna mana hanya." Sai a miƙa kwafin jerin, littafin ainihi ya zauna a hannunku.

Kusan kullum amsar ita ce: "To madalla, Allah ya yi albarka, za mu duba." A nan ake gane wanda ya iya. Kada ku tashi a kan "za mu duba". Cikin ladabi a ce: "Allah ya ƙara girma, wace rana za mu dawo mu ji?" Idan ya ce Laraba, Laraba ta same ku a zauren. Allah ya umarci Annabi Musa da Haruna su yi wa Fir'auna magana mai laushi, to balle mai unguwar da kuke sahu ɗaya da shi. Amma laushin harshe bai hana naci ba.

Daga nan sai ma'aikatar magajin gari. Tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun da aka zaɓa, kantomomi ke riƙe da gundumomi, don haka wasiƙa sunan kantoma za ta ɗauka. Shafi ɗaya ya isa: ku su wane ne, me kuka gani, mutum nawa, tun yaushe, da abu ɗaya da kuke roƙo, misali a nemi kotu ta sa ranar zama a unguwa kaza. Ko da yake sabon kundin tafiyar da ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, aikin ofis har yanzu da Faransanci ya fi tafiya, sai a rubuta da shi, a karanta wa kowa ma'anarsa da Hausa kafin a sa hannu. Ku buga kwafi biyu, sakatare ya karɓi ɗaya, ya buga muku hatimi da kwanan wata a kan ɗayar. Takardar da ba ta da hatimin karɓa, gobe ana iya cewa ba a taɓa ganinta ba. Kuma ku girmama sakataren nan da mai gadi, sau da yawa su ke sanin ranar da mai gida yake zaune.

Idan wani ya nuna a "sa hannu a aljihu" don takarda ta yi sauri, a ba shi haƙuri da murmushi, a tambayi rasit. Ranar da kuka biya sau ɗaya, kun sa wa duk talakan da zai zo bayanku farashi.

Mumbari, rediyo da waya

Liman yana da abin da ba ku da shi: kunnen jama'a. Amma kada ku tare shi da safiyar Juma'a. Ku same shi tsakiyar mako da littafinku: "Allah gafarta Malam, ga abin da muka tarar, ko za a ja hankalin jama'a?" Ku ba shi gaskiyar lamari, shi ya san ayar da zai ɗora. Ku roƙe shi kada ya kama suna. Akwai ma abin da ya fi huɗuba tasiri: shi ake kira raɗin suna ran bakwai. Idan ya saba tambayar uban jariri bayan fatiha, "An kai sanarwar haihuwa?", saura kwana hamsin da ƴan kai a wa'adin, kuma mutum ba ya son Malam ya sake tambayarsa ran arba'in ya ce a'a. Ungozoma da wanzami ma a sa su a hanya. Ta haka ake toshe ɓarakar daga sama, ba a tsaya ana kwasar yaran da suka riga suka makara kawai ba.

Gidajen rediyo masu zaman kansu na garin nan suna da filayen da ake buɗe layi, kuma mutanen ƙauye sun fi jin su fiye da komai. Ku je da bayani, ba da zagi ba: ga doka, ga wa'adi, ga inda ake zuwa.

Waya kuwa ita ce ta ƙarshe. Dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024, ta maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, zagi, da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Saƙon murya ɗaya da aka yi cikin fushi ya isa ya kai mutum gidan kaso, ya kuma rusa aikin wata shida. Ku yi ƙa'ida: ba wanda zai sa komai a Facebook ko WhatsApp da sunan tafiyar sai mutum biyu sun karanta, kuma abin da ba za ku iya maimaitawa gaban alƙali da takarda a hannu ba, kada ya fita.

Inda za ku tsaya, da yadda za ku daɗe

Akwai abin da ba naku ba ne. Batun ƴan bindiga a bakin iyaka, binciken wane ne ɗan leƙen asirinsu, shiga tsakani kan kuɗin fansa, duk ku bar wa hukuma. Rabonku a ciki shi ne waɗanda suka gudo. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jihar nan, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori, wasu kuma suna raɓe a gidajen dangi. Ƴaƴansu ma suna buƙatar gurbi a lakkwal da takarda, kuma wannan aikin littafinku ne. Haka nan ku yi nesa da rigar kowane ɗan siyasa, ko da shi ya fara kawo muku gudunmawa.

Gajiya za ta zo, tun ma ran da aka ɗage muku alkawari karo na uku. Ku tsayar da zama ɗaya a mako, gajere, a fara da addu'a, a karanta abin da aka yi alkawari makon jiya, a raba na gaba. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, kuma Salmanul Farisi ya tuna wa Abu Darda cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa ma haka, Annabi ya gaskata shi. Wanda ya bar cefanen gidansa yana yawon ofisoshi, a ce masa ya huta wata guda, wani ya karɓa. Mai gona ya tafi gonarsa da damina, ba laifi aikin ya lafa.

Idan kuna ganin abin na tafiyar hawainiya, ku dubi gawo da kalgon da ke cikin gonakin jihar nan. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara itatuwa ne masu rai, in aka rage rassa aka bar masu ƙarfi za su tashi. Lokacin yunwar 1984 mutane suka karɓi dabarar saboda ana ba da cimaka a kai, da aka daina bayarwa da yawa suka sare abin da suka raina. Ƴan kaɗan suka riƙe, maƙwabta suka ga amfani suka kwaikwaya, har aka ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo a ƙasar nan. Dokar musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya raina sai a 2020 ta fito.

Bayan wata shida ku zauna da littafin ku ƙirga: yara nawa aka rubuta, nawa suka karɓi takarda a hannu, nawa suka maƙale kuma a ina. Idan ana motsi, ku ci gaba, ku koya wa unguwar da ke kusa yadda aka yi, ku ba su kwafin wasiƙar su canza suna. Idan ƙofar ta ƙi buɗuwa, ku hau ta gaba da ita da kwafin mai hatimi a hannu, ko ku miƙa batun ga wata ƙungiya mai rajista da lauya. Idan kuwa kun yanke shawarar ajiyewa, kada ku ɓace. Ku koma gida gida wurin waɗanda kuka rubuta sunayensu, ku gaya musu inda aka kai da inda aka tsaya, ku mayar wa kowa duk wata takarda tasa da ke hannunku, sannan a raba ko a sadakar da abin da ya rage a asusu gaban kowa.